Kalmar "charge": tambayoyin da aka fi yi kan ma'anoninta da yadda ake amfani da ita

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga 'yan makaranta masu shirin WAEC da JAMB, da masu karanta jaridun Turanci, da ma waɗanda alat ɗin banki ne kawai ya ɗaure musu kai. Kalma ɗaya ce tal amma za ka ci karo da ita a rumfar mai cajin waya, a banki, a kotu, a asibiti, har a filin ƙwallo, kuma ko'ina da abin da take nufi. An fara da masu sauƙi, masu ɗan zurfi suna can ƙasa.

Wai ita charge ɗin nan ma'anarta nawa ne, kuma wacce ce ta asali?

In ka buɗe babban ƙamus za ka ga jeri mai tsawo har ka gaji da karantawa, kuma gaskiya ba na ba kowa shawarar ya zauna haddace su ɗaya bayan ɗaya, ɓata lokaci ne. Abin da ya fi shi ne ka san tushen, saura duk rassa ne. Tushen kuwa shi ne lodi, wato ɗora kaya. A Latin akwai carrus, keken da dabba ke ja irin amalanke, daga nan aka samu carricare, loda wa amalanke kaya, sai ta shiga tsohon Faransanci a matsayin chargier, daga can Turanci ya aro ta wajen ƙarni na 13, bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Car da carry da cargo duk 'yan gida ɗaya ne da ita.

Toh abin daɗin shi ne mu ma Hausa muna da irin wannan tafiyar a kalmar ɗora. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum laifi, ana ɗora masa nauyin kula da gida, gwamnati tana ɗora haraji. Kusan haka charge take yi: a ɗora maka kuɗin da za ka biya, a ɗora maka tuhuma, a ɗora maka alhaki, a loda wa batir wuta. Ma'ana ɗaya ce ta ɗan bauɗe daga wannan layin, ita ce ta afka wa abu a guje, tana nan ƙasa a tambayar dawaki.

Yaya ake furta ta, kuma me ya sa wasu ke saka r wasu ba sa sakawa?

Farkonta dai ba matsala ga Bahaushe, ch ɗin nan ita ce c ɗinmu ta cikin ciki da cokali. Ƙarshen kuma j ce, ba a furta e ɗin. Mutanen Ingila galibi suna haɗiye r su ja wasalin, ta fito kamar caaj, Amurkawa kuma suna furta r ɗin, duk daidai ne. Mu kuma da yake bakinmu bai son kalma ta ƙare da baƙi sai muka ƙara mata i ta zama caji.

A rubutu: charge, charged, charging, e tana faɗuwa in za a sa ing, amma a chargeable tana nan daram. Sannan a kula da change, harafi ɗaya ne tsakaninsu kuma waya tana yawan musanya su da kanta in kana sauri, sai ka tura wa mutum ya canza maka waya alhali caji kake nufi.

Ta yaya zan gane ma'anar da ake nufi in na gan ta a jimla?

Duba ƙaramar kalmar da ke biye da ita, nan asirin yake. Charge for kuɗi ne: he charged me for the repair, ya karɓi kuɗin gyara a wurina. Charge with tuhuma ce, ko kuma ɗora nauyin wani aiki: he was charged with theft, an tuhume shi da sata. In charge of shugabanci ne ko kula da abu. Charge at kai farmaki ne a guje. Charge to, in asusu ne ya biyo baya, ana nufin a rubuta kuɗin a kan wannan asusun, in kuma aiki ne ya biyo baya kamar charge them to work hard, horo ne da jan hankali.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ka duba abin da aka yi wa aikin. Waya ko batir ne, caji ne. Adadin kuɗi ne, farashi ne. Mutum ne kuma ana maganar 'yan sanda ko EFCC, tuhuma ce. Yawancin kuskuren da 'yan jarrabawa ke yi a nan yake, musamman musanya for da with, sai ka ga an rubuta charged for murder, wanda in ka bi shi a zahiri kamar cewa kake an nemi ya biya kuɗin kisan kai.

Daidai ne in ce my charge has finished in cajina ya ƙare?

Za a gane ka a Kano ko Kaduna, amma Hausa ce ka sa mata rigar Turanci. Su batir suke ambata: my battery is low in ya yi ƙasa, my battery is dead ko flat in ya mutu gaba ɗaya, ko my phone has died. In kana son ka ce ka jona ta, I'm charging my phone, ko yadda mutanen Ingila ke cewa my phone is on charge. In ta ƙi ɗaukar caji, it's not charging. Ta cika kuwa fully charged ne, ba full charged ba, wannan ly ɗin mutane da yawa suna yar da ita.

Abin da muke kira caja shi ne charger, kuma a Turanci kan caja da igiyar suna da sunansu daban in ana son bambancewa, adapter da cable. In ka je rumfar caji ka ce how much do you charge to charge a phone, ka yi amfani da ma'ana biyu a jimla ɗaya kuma babu kuskure a ciki, ta farko kuɗi ta biyu wuta.

To recharge card fa? Ai kati ba wuta yake sa wa waya ba.

Haka ne, a nan kuɗin kira ake sake lodawa a layi, ka ga dai lodin bai ɓace ba. Re tana nufin sake, shi ya sa batirin da ake iya sake yi wa caji ake ce masa rechargeable, kamar fitila da fanka masu caji da suka cika gidaje saboda halin wutar NEPA. A Najeriya da Indiya recharge ake cewa, a Ingila kuwa top up suke cewa, don haka in ka je can ka nemi recharge card mai shago zai iya tsayawa yana kallonka. Akwai kuma recharge ta hutu, mutum ya ce zai je ya yi recharge his batteries, ba batir yake nufi ba, hutawa zai yi ya dawo da ƙarfinsa.

Mene ne bambancin charge da price, fee, fare da fine? Duk ba kuɗi ba ne?

Duk kuɗi ne amma kowanne da wurinsa, kuma mu ma ai ba ma cewa farashin makaranta ko tarar mota. Price farashin kaya ne, abin da za ka ɗauka ka tafi da shi, buhun shinkafa ko takalmi. Fare kuɗin mota ne ko jirgi ko adaidaita. Fee kuɗin makaranta, kuɗin jarrabawa, kuɗin lauya ko likita, galibi aikin ƙwararru ko rajista. Fine tara ce. Rent kuɗin haya. Charge kuma kuɗin wata hidima ce da aka yi maka, sau da yawa ma ƙari ne a kan ainihin abin da ka saya, kamar delivery charge na kawo maka kaya gida, ko service charge da otal da manyan gidajen abinci ke liƙawa a ƙasan takardar biya.

Amma in aikatau ce, wato kana faɗin abin da mai sayarwa ya yi, charge tana shiga kusan ko'ina: tela, makanike, direba, makaranta, duk za ka iya cewa they charge. Ka lura mai karɓar kuɗi shi ne yake charge, kaya kuma cost suke yi. The shoe cost me ten thousand daidai ne, the shoe charged me kuwa ba magana ba ce sai dai in takalmin ne ya buɗe baki ya yi ciniki. In an tsawwala maka, they overcharged me. Surcharge kuma ƙarin kuɗi ne a kan wanda aka saba, a aikin gwamnati ma in an ce an yi wa ma'aikaci surcharge ana nufin za a cire daga albashinsa ya biya asarar da ya jawo.

Alat ya shigo an rubuta charges an cire min kuɗi, me ke nan?

Kuɗin hidimar banki ne, kuma kusan kullum da s ake rubuta shi saboda ba guda ɗaya ba ne: na tura saƙon alat, na kula da katin ATM, na tura kuɗi zuwa wani banki, na cirewa a injin da ba na bankinka ba. A 2021 an sa naira 6.98 a kan hada-hadar USSD, wato harkar banki ta danna lambobi a waya, akwai kuma naira 50 ɗin nan da ake cirewa in kuɗin da aka tura sun kai 10,000, wadda ita a gaskiya haraji ce ta gwamnati, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa, duk da cewa a bakin mutane duk cajin banki ne. Babban Bankin Najeriya yana da takarda mai suna Guide to Charges da ta ƙayyade abin da aka yarda banki ya cira, in ka ga abin ya wuce hankali kana da damar kai ƙorafi, kuma a wasiƙar ka rubuta excess charges ko I was wrongly charged.

Haka mai POS in ya ce maka "da caji ko ba caji", tambaya yake ko ka haɗa ladansa a cikin abin da za a cira ko za ka ba shi a hannu. Bambancin charge da fee yana cikin amsar tambayar da ta gabata.

Free of charge ko free of charges?

Free of charge, ba s. Haka aka gina ta ba a taɓa ta, ma'anarta kyauta, ko sisi ba za ka biya ba. Wasu suna taƙaitawa FOC. At no extra charge kuma ba kyauta ba ce gaba ɗaya, cewa ake ba za a ƙara maka komai a kan abin da ka riga ka biya ba, 'yan talla suna son wannan sosai don tana kama da kyauta daga nesa.

In jarida ta ce an yi charging ɗin mutum, ya tabbata mai laifi ke nan?

A'a, sam. Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su riƙe, don ana ɓata wa bayin Allah suna a soshiyal midiya saboda rashin gane ta. Matakai ne. Accused of ko alleged zargi ne, kowa ma zai iya zargin kowa. Arrested kamawa ce. Charged with shi ne hukuma, 'yan sanda ko EFCC ko ICPC ko ma'aikatar shari'a, ta rubuta tuhuma a hukumance ta ce ga laifin da muke cewa ka yi, ga sashen dokar da ka karya. Arraigned shi ne an gurfanar da kai an karanta maka tuhumar an tambaye ka ka amsa ko ba ka amsa ba. Remanded an tura ka ajiya kafin a ci gaba da shari'a. Sai can ƙarshe convicted, kotu ta same ka da laifi, sannan sentenced, an yanke hukunci.

Tsakanin charged da convicted ana iya shekaru, kuma mutane da yawa ba sa kaiwa can ɗin ma, a wanke su. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, shi ya sa kake ganin tafinta a kotu. Saboda haka mai fassara labari in ya ga charged ya rubuta "an same shi da laifi" ya yi ɓarna babba, "ana tuhumarsa" ita ce daidai.

A lura da ƙananan kalmomin ma don suna fitowa a jarrabawa: accused of, charged with, convicted of, sentenced to. Kowacce da abokiyar tafiyarta.

Daga nan aka samo caji ofis?

Eh, daga charge office ne, wato ɓangaren ofishin 'yan sanda inda ake kai wanda aka kama a rubuta abin da ake tuhumarsa da shi, sai mu kuma muka mayar da shi sunan ofishin gaba ɗaya. Takardar da ake rubuta tuhumar a kai ita ce charge sheet, ko da yake a kotunan majistare na Arewa an fi jin FIR, rahoton farko da 'yan sanda ke kawowa.

Charged to court da ake ji a bakin kakakin 'yan sanda kullum Turancin Najeriya ne, kowa ya gane shi a nan kuma jaridu suna rubuta shi, amma a waje za ka fi ganin charged kawai ko brought before a court. Game da kwana nawa za a iya riƙe mutum kafin a kai shi, sashe na 35 ya ce kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai dai manyan laifuka masu hukuncin kisa da aka ware. Akwai kuma abin da lauyoyi ke kira holding charge, a kai mutum gaban majistare da ba shi da hurumin sauraron laifin don kawai a samu a tura shi gidan yari kafin a gama bincike, lauyoyi sun daɗe suna sukar wannan ɗabi'a domin ita ce take sa mutum ya yi shekaru yana jiran shari'a.

'Yan sanda sun caje motata a hanya, zan ce they charged my car?

Kar ka faɗi haka, za a ɗauka motar lantarki gare ka suka sa mata wuta. Cajewa ta bincike, a buɗe but a duba jaka a laluba aljihu, search ce: they searched my car. In jikinka aka shafa ana neman makami, frisk ko pat down. Hausa ce ta tara su a baki ɗaya, a Turanci ba su haɗa hanya ba.

Me ake nufi da 10-count charge, da press charges, da discharged and acquitted?

Count ɗaya laifi ɗaya ne a cikin takardar tuhuma, don haka 10-count charge tuhume-tuhume 10 ne a takarda ɗaya, kuma kowanne sai an tambayi wanda ake tuhuma a kansa daban, ana iya samunsa da laifi a uku a wanke shi a bakwai. Press charges shi ne wanda aka yi wa laifi ya tsaya kai da fata sai an kai maganar kotu, an fi jin ta a finafinan Amurka. Drop ko withdraw the charges janye tuhuma ne. Trumped-up charges kuma tuhumar ƙage, 'yan siyasa ba sa rabuwa da wannan kalmar da zarar an gayyace su.

Discharged and acquitted kalmomi biyu ne kuma ba don ado aka jera su ba. Discharged sallama ce, ka tafi gida, amma in ita kaɗai ce ana iya sake kamo ka a kan maganar, misali in an kori ƙarar ne don masu gabatar da ita sun yi ta rashin zuwa. Acquitted wankewa ce, kotu ta duba ta ce ba ka da laifi, kuma bisa ƙa'ida ba a sake yi maka shari'a a kan wannan laifin. Wanda aka ce masa discharged kawai ya tambayi lauyansa kafin ya yanka ragon murna.

Na ga kanun labari "Governor charges corps members", me masu hidimar ƙasa suka yi aka tuhume su?

Ba su yi komai ba. Wannan charge ɗin horo ce, gwamna ya hore su, ya ja hankalinsu, ya buƙace su da su yi kaza. Jaridun Najeriya suna matuƙar ƙaunarta don gajeriya ce tana shiga kanu: Emir charges parents on girl-child education, minister charges contractors to finish on time, kullum sai ka gani, ita da tasks da urges. A Ingila da Amurka wannan amfanin ya ɗan tsufa, sai a rubutun hukuma, mu ne muka riƙe shi da kyau.

Yadda za ka bambance: in ka ga to da aiki a bayanta, ko on da wani batu, kuma mai maganar sarki ne ko gwamna ko malami, horo ne. In ka ga with da sunan laifi, koma tambayar tuhuma a sama. Sai dai with ɗin ma tana da rami ɗaya, the committee is charged with investigating the matter ba tuhumar kwamiti ake ba, nauyin bincike aka ɗora masa. Abin da ya zo bayan with shi zai gaya maka, laifi ne ko aiki.

In charge of da in the charge of ɗaya ne?

Kishiyoyi ne ma, the ɗin nan guda ɗaya tana juya maganar. Amina is in charge of the children, Amina ce mai kula da yaran. The children are in the charge of Amina, yaran suna hannun Amina. In ka rubuta the children are in charge of Amina ka mayar da yaran su ne iyayen gidan. Masu shirya jarrabawa sun san wannan tarkon sarai.

Take charge shi ne ka karɓi ragama, put in charge a damƙa maka, who is in charge here waye babba a nan. Officer in charge shi ne O/C da ake gani a ƙofar ofis. A asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyuka har ta zama sunan muƙami, kowa incaj yake cewa, "incaj bai zo ba tukuna", kuma an gane. A Turancin rubutu dai ba a cewa the in-charge haka tsirara, sai ka ce the officer in charge ko the person in charge. Incharge a haɗe kuma kuskure ne, kalmomi biyu ne.

Chargé d'affaires fa, shi ma cajin ne?

Dangi ne amma wannan Faransanci ce zalla ba a taɓa ta ba, kuma sh ake furtawa a farko ba c ba, kamar sharje dafer. Jami'in diflomasiyya ne da ke riƙe ofishin jakadanci in babu jakada, ko an kira jakadan gida ko ba a naɗa sabo ba tukuna, a labarai akan ce muƙaddashin jakada ko mai riƙon ofishin. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi boko da Faransanci sun fi mu saurin kama wannan kalmar gaba ɗaya, domin a can charger har gobe tana nufin loda wa mota kaya, ma'anar da Turanci ya kusa mantawa ya bar wa load.

An ce the horsemen charged, su kuma wa suka caja?

Ba kowa, sukuwa suka yi. Charge a nan ita ce ka taho a guje gadan-gadan kan abu, dawakin yaƙi kan abokan gaba, ko sa ya sunkuyar da kai ya yo kanka, the bull charged at him. In Turawa masu yawon buɗe ido suna ba da labarin hawan daushe a Kano ko hawan sallah a Katsina da Zariya, jafin da mahaya ke yi su taho a sukwane su ja linzami a gaban sarki da wannan kalmar suke kwatanta shi. Dokin yaƙi ma a tsohon Turanci charger ake ce masa, suna ɗaya da abin cajin wayarka.

A ƙwallon ƙafa charge ita ce bangaza. Kafaɗa da kafaɗa in ana takarar ƙwallo an yarda, in da ganganci ko ƙarfin da ya wuce kima ne alƙalin wasa zai busa. He charged into the room kuma ya faɗo ɗaki ba sallama a fusace. The atmosphere was charged, wuri ya ɗau zafi, ana jin ƙiris ya rage a kaure.

A Physics an ce charge ba current ba ce, to mece ce?

Charge ita ce ainihin abin da ke gudana, current kuma yawan wanda ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ita charge iri biyu ce, positive da negative, sunayen da Benjamin Franklin ya sa musu a shekarun 1740, masu iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Ana auna ta da coulomb, sunan wani masanin Faransa Charles-Augustin de Coulomb, alamarta Q, kuma Q = It, wato current sau lokaci. Ta electron guda ɗaya kusan 1.6 × 10^-19 coulomb ce, wannan lambar ka haddace ta kafin ka shiga ɗakin jarrabawa.

Wannan mAh da ake rubutawa a jikin batir da fawa bank ma ma'aunin charge ne. Batir mai 5000 mAh in ka lissafa, ampiya 5 sau daƙiƙa 3600, ya kama coulomb 18,000. Dalilin da ya sa masana suka ɗauki kalmar tun farko shi ne a zamaninsu ana cewa an yi charging ɗin bindiga in an ɗura mata albarushi, sai suka ga kwalbar da suke tara lantarki a ciki ita ma ɗura mata ake yi sannan ta saki gaba ɗaya.

Discharge kuma na ji ta a asibiti, na ji ta a NYSC, na ji ta a kotu.

Dis tana warware abin da charge ta ɗaura, an ɗora, yanzu an sauke. A asibiti sallamar marar lafiya ce, he was discharged yesterday. A NYSC discharge certificate takardar kammala hidimar ƙasa ce, daban da exemption ta waɗanda aka ɗauke wa. Soja ma in ya bar aiki discharge ne. Batir in yana zubar da caji, it is discharging. Tanka in tana juye mai a gidan mai, ko jirgin ruwa yana sauke kaya a Apapa, ita ce dai. Discharge his duties sauke nauyin aikinsa, kusan yadda muke faɗa. Likita kuma in ya tambaye ka ko akwai discharge, ruwa ko mugunya da ke fita daga ciwo ko wata gaɓa yake nufi, kar ka ce masa ai ba a sallame ka ba. Ta kotu tana can sama tare da acquitted.

First line charge da ake faɗa lokacin kasafin kuɗi fa?

Kuɗin da ake fara cirewa ne kai tsaye daga asusun gwamnati kafin a raba wa ma'aikatu, ba sai hukumar ta je tana roƙon ɓangaren zartarwa ya sakar mata ba. Ɓangaren shari'a da Majalisar Tarayya da INEC suna cikin masu wannan gata, hikimar ita ce kar wanda ke riƙe da lalita ya juya su. Shi ya sa duk hukumar da ke kukan rashin kuɗi za ka ji tana neman a sa ta a first line charge.

A harkar bashin kamfanoni kuma charge jingina ce. Fixed charge an ɗaure wata kadara takamaimai kamar gini ko inji, kamfani ba zai sayar ba sai da izinin mai bin bashi. Floating charge tana kan kayan da ke shiga suna fita kamar hajar sito, ana ci gaba da ciniki da su har sai an kasa biya sannan ta kama abin da ta tarar. Irin wannan jinginar ana yi mata rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Na ji ana ce wa wani lauya charge and bail, yabo ne?

Kar ka kuskura ka faɗa masa a gabansa. Laƙabin raini ne a Najeriya ga lauyan da ke zaman jira a harabar kotun majistare ko bakin caji ofis, in an kawo wanda ake tuhuma ya tare shi ya nema masa beli a ba shi ɗan abin da ya samu. Ba Turancin ƙamus ba ne, a Landan ba wanda zai gane shi. Su kuma lauyoyin suna cewa talakan da aka kamo da safe ba shi da kowa, ba babban lauya mai SAN ne zai zo ya fitar da shi kafin a tashi kotu ba, su ɗin ne dai.